Tsibirin Tuti da Omdurman: Kiɗan Haƙiba da Gangunan Mahaɗar Nilu

Tuti ƙaramin tsibiri ne a tsakiyar babban birnin Sudan, daidai inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa su zama kogi ɗaya. Wanda ya zagaya gaɓarsa zai hangi garuruwa uku: Hartum ta kudu, Omdurman ta yamma, Bahri kuma ta gabas da arewa. A wannan ɗan yanki ne kiɗan da 'yan Sudan suke ɗauka a matsayin na manya, wato haƙiba da waƙoƙin rediyo da suka biyo bayanta, ya tashi ya yi suna. A nan ne kuma gangunan talakawa, na mata da na 'yan ɗariƙa da na baƙi, suka daɗe suna aiki. Wannan maƙala ta bi tarihin ɓangarorin biyu, ta nuna yadda kiɗan manya ya ginu a kan gangar talaka, da kuma hannun da Hausawan Sudan suka sa a ciki.

Tsibirin da mutanensa

Faɗin Tuti bai kai murabba'in kilomita 10 ba, kuma siffarsa kamar ta jinjirin wata ce. Ƙasarsa laka ce da kogi ke kawowa duk shekara, shi ya sa ya shahara da lambunan kayan miya da lemun tsami da ake kaiwa kasuwannin Hartum. Yawancin mutanensa Mahas ne, wani reshe na Nubiyawa da suka gangaro daga arewacin Sudan suka zauna a tsibirin tun ɗaruruwan shekaru kafin a gina Hartum ta yanzu.

Tuti gidan malamai ne tun zamanin daular Funj ta Sennar. Daga nan Shaihu Arbab al-Aƙa'id ya haye ruwa wajen shekarar 1691 ya kafa makarantarsa a gaɓar kudu, kuma ana lissafa wannan zaman a cikin asalin Hartum. Unguwanni biyu na Bahri, Hillat Hamad da Hillat Khogali, suna ɗauke da sunayen wasu shehunai biyu da suka fito daga tsibirin. Har zuwa ƙarshen shekarun 2000, lokacin da aka kammala gadar da ta haɗa shi da Hartum, sai da jirgin fito ake shiga Tuti. Wannan ya sa ya ci gaba da zama ƙauye sosai, kowa ya san kowa, alhali manyan otal-otal da ofisoshin gwamnati suna tsallaken ruwa kaɗan. Mawallafin baiti ɗan Omdurman, Tijani Yusuf Bashir, wanda ya rasu a 1937 yana matashi, ya yi wa safiyar Tuti wata ƙasida da 'yan Sudan suka sani sosai.

Taya: gangar da ke gadin ruwa

A Tuti, aikin ganga na farko shi ne ceton rai. Daga watan Yuli zuwa Satumba, ruwan saman da ya sauka a tsaunukan Habasha yana cika Shuɗin Nilu, kogin ya kumbura ya tunkaro tsibirin. Mutanen Tuti suna da wani tsari na gado da suke kira taya. Kalmar ta Larabcin Sudan ce, ko da yake Bahaushe zai ji ta yi masa kama da tasa. Ana raba gaɓar tsibirin kashi-kashi, kowane kashi da rumfar gadinsa da samarin da ke kwana a wurin, suna duban ruwa dare da rana. Idan jinga ta fara ɓallewa a wani wuri, sai a buga ganga, a busa ƙaho ko usur, masallatai su ɗauka su sanar. Nan da nan jama'a za su fito da shebur da buhunan ƙasa, mata kuma su kawo abinci da shayi.

Wanda ya san gayya a ƙasar Hausa, inda gangar noma ke tara majiya ƙarfi a gona ɗaya, ba zai sha wuyar gane wannan tsari ba. Bambancin shi ne, a Tuti wanda ya makara gidansa ne zai tafi da ruwa.

Ambaliyar 1946 ce ta fi zama a bakin mutane. Ana ba da labari cewa hukumar mulkin mallaka ta nemi a kwashe mazauna tsibirin, suka ƙi, suka tsaya suka tare ruwan, har wasu suka jeru a bakin ɓarakar da jikinsu kafin a cike ta da ƙasa. Daga wannan aka samu wata waƙar yabo da har yau ake rerawa a Sudan duk lokacin da kogi ya cika, kuma salonta na waƙoƙin jarumta ne irin waɗanda mata ke yi wa mazajensu da ganga. Tsarin taya ya sake yin aiki a ambaliyar 1988 da ta 2020, shekarar da tsayin ruwan Shuɗin Nilu a Hartum ya haura mita 17 da rabi, ya wuce duk abin da aka taɓa aunawa. A 2015 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da rage haɗarin bala'o'i ya karrama al'ummar Tuti saboda wannan tsari.

Yadda Omdurman ta tara kiɗan ƙasa

Daga gaɓar yamma ta Tuti, Omdurman tsallaken ruwa ce kawai. Ƙauye ce har zuwa 1885, lokacin da Mahdi Muhammad Ahmad ya ci Hartum ya mai da ita hedikwata. Magajinsa, Halifa Abdullahi, ya tattaro ƙabilu daga Darfur da Kordofan da arewa da gabas ya zaunar da su a garin, wasu da son ransu, wasu dole. Kowace ƙabila ta zo da gangarta da rawarta. Bayan yaƙin Karari na 1898, Turawan Ingila suka sake gina Hartum ta zama garin gwamnati, Omdurman kuwa ta ci gaba da zama garin 'yan ƙasa, mai babbar kasuwa da gidajen shayi da bukukuwan aure.

A cikin waɗanda suka cika garin har da mutanen yamma, waɗanda 'yan Sudan ke kira Fallata ko Takarir: Hausawa da Fulani da Barebari. Da yawansu maniyyata ne da suka bi hanyar Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare ko zama ya yi daɗi, suka tsaya. Wasu kuma sun zo da hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya jagoranta har aka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Aikin noman auduga na Jazira, da aka buɗe a 1925, ya ƙara jawo wasu.

Abu ɗaya da ya sauƙaƙa haɗuwar waɗannan kaɗe-kaɗe shi ne ma'aunin sauti. Yawancin kiɗan Sudan yana tafiya ne a kan matakan sauti biyar, saɓanin na Masar da Sham mai matakai bakwai da ƙananan rabe-rabe a tsakani. Matakai biyar ɗin nan su ne a kiɗan Habasha da Somaliya, kuma su ne suka fi yawa a kiɗan Hausa. Shi ya sa Bahaushen da bai jin Larabci ko kaɗan yakan ji waƙar Sudan ta kwanta masa a kunne, ta Alƙahira kuwa ya ji ta baƙuwa.

Haƙiba: kiɗan manya na Omdurman

Haƙiba ta bayyana a Omdurman a farkon shekarun 1920. Kafin ta, mawaƙin biki yana tafe ne da wasu mutane da ake kira tanabira, masu fitar da wani gurnani daga maƙogwaro suna tafi, mata na rawa a kai. Masu tarihin waƙar Sudan suna ba da labarin wani biki da tanabira suka ƙi yi wa mawaƙi Muhammad Ahmad Sarur aiki, shi kuwa ya ci gaba da waƙarsa da 'yan amshi da tafi kawai, mutane suka ji daɗin jin baitocin a fili. Daga nan sabon salo ya kama.

Tsarinta mai sauƙi ne. Akwai mawaƙi ɗaya, da 'yan amshi biyu ko uku da ake kira shayyalin, da riƙ, wato ƙaramin bandiri mai ƙananan faranta na ƙarfe a gefe. Akan buɗe da ramya, gajeren baiti mai jan murya, sai uwar waƙa, sannan a rufe da kasra, wadda ta fi sauri domin masu rawa. Tushenta biyu ne: madihu, wato begen Annabi (SAW) da masu bandiri ke yi, da dubait, baitoci huɗu-huɗu da makiyayan raƙuma ke rerawa, waɗanda Hardallo na yankin Butana ya fi kowa suna a kansu.

Darajar haƙiba tana cikin kalmominta. Mawallafa irin su Ibrahim al-Abbadi da Salih Abdussid, wanda aka fi sani da Abu Salah, da Umar al-Banna sun riƙa saƙa Larabcin Sudan da na littafi, galibi a kan soyayya da siffanta kyau. Sarur da Abdulkarim Karoma su ne manyan muryoyin zamanin, kuma dukansu biyu sun rasu a shekarun 1940. Khalil Farah, Banube daga tsibirin Sai na arewa, ma'aikacin gidan waya, ya kai haƙiba fagen siyasa. A waƙarsa "Azza fi Hawak", sunan macen da yake kira Sudan yake nufi, hanyar da ta ba shi damar faɗin abin da mulkin mallaka ba zai bari a faɗa a fili ba. Ya rasu a 1932.

Daga ƙarshen shekarun 1920 mawaƙa suka fara tafiya Alƙahira suna naɗar faya-fayan garmaho, ana kunna su a gidajen shayi. Sunan haƙiba kansa daga baya ya zo. Ma'anarsa jaka, kuma ya samo asali ne daga wani shirin Rediyon Omdurman mai suna Haƙibatul Fann, inda ake fito da tsofaffin faya-fayan nan kamar daga cikin jaka a saka wa masu sauraro.

Rediyo da manyan ƙungiyoyin makaɗa

An buɗe Rediyon Omdurman a 1940, a wani ɗaki na gidan waya, domin yaɗa labaran Yaƙin Duniya na Biyu. Ba a daɗe ba waƙa ta mamaye shirye-shiryensa, kuma shi ya sauya kamannin kiɗan birni. Ud, wato garayar Larabawa, ta shigo, sai gogen Turawa da akodiyon, sai kayan busa da tsofaffin 'yan badujalar soja da na 'yan sanda suka iya. Ibrahim al-Kashif ɗan Wad Madani, wanda ya rasu a 1969, yana cikin na farko da suka tsaya gaban cikakkiyar ƙungiyar makaɗa suka yi waƙa. Ahmad al-Mustafa da Hasan Atiyya da Usman Husain da Abdul'aziz Muhammad Dawud suka bi sahu.

Bayan samun 'yancin kai a 1956, aka buɗe Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a Omdurman a 1959, sannan Cibiyar Koyar da Kiɗa da Wasan Kwaikwayo a 1969, inda aka fara koyar da rubuta kiɗa da karanta shi. Wannan ne zamanin Muhammad Wardi da Abdulkarim al-Kabli da Muhammad al-Amin, masu dogayen waƙoƙi da kan kai rabin sa'a, da Sayyid Khalifa wanda waƙoƙinsa suka zagaya Habasha da Somaliya da Cadi har ƙasar Hausa. Sharhabil Ahmad ya shigo da jita ya buɗe wani salon na daban. Tuti ma ta ba da nata: Hamad al-Rayyah, haifaffen tsibirin a 1940, wanda ya taɓa shugabantar ƙungiyar mawaƙan Sudan, ya rasu a 2021.

Duk yawan gogen da ke gaba, bugun da ke ƙasa na gargajiya ne. Wardi ya ɗauko bugun Nubiyawa na tar. Abdulƙadir Salim ya kawo mardum, rawar Larabawan Baggara makiyayan shanu na Kordofan. Daga ƙasar Shaiƙiyya aka samu dalib. Tumtum kuwa, bugun da ya cika waƙoƙin rediyo, ana danganta shi da matan talakawa na garin Kosti a shekarun 1930, kuma da farko manyan gari raina shi suke yi.

A'isha Falatiya

Wadda ta fi kowa fito da tumtum fili ita ce A'isha Musa Ahmad, wadda Sudan ta sani da A'isha al-Falatiya. An haife ta a Kassala. Iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne da hanyar hajji ta kawo: mahaifiyarta Bahaushiya, mahaifinta malami Bafulatani. Ta tashi a Omdurman, ta yi karatun allo a makarantar mahaifinta, ta fara waƙa a gidajen biki tun tana yarinya. Mahaifin bai so ba, har ya yi mata aure don ta daina, auren bai ɗore ba, waƙar ta ɗore. A ƙarshen shekarun 1930 wani kamfanin faifai ya kai ta Alƙahira ta yi naɗi. Lokacin yaƙi ta riƙa yi wa sojojin Sudan waƙa a sansanoninsu.

A 1942 ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a Rediyon Omdurman, tare da 'yar'uwarta Jidawiyya mai kaɗa ud. Masu sauraro sun karɓa, amma wasu mawaƙa maza suka ƙaurace wa gidan rediyon don nuna fushi. Ta sha gori iri biyu, na kasancewarta mace da na asalinta, kamar yadda laƙabinta ma ya nuna. Duk da haka ta ci gaba har shekarun 1960, ta bar waƙoƙi fiye da 150, ta rasu a Omdurman a 1974. Ƙofar da ta buɗe ce Muna al-Khair ta bi, haka ma 'yan'uwan nan mata uku da ake kira al-Balabil, waɗanda suka fito a 1971.

Dalluka: gangar mata

Dalluka ganga ce ta yumɓu, mai faɗin baki da siririn gindi a buɗe, an rufe bakin da fatar akuya. Akan gasa fatar a wuta kafin a fara don ta yi tauri, a riƙe ta a hammata ko a kan cinya a buga da hannu. Tana tafiya da ƙananan 'yan'uwanta da ake kira shatam. A tsakiyar Sudan galibi mata ne ke kaɗa ta, kuma waƙoƙin da ake yi da ita ana kiransu aghani al-banat, wato waƙoƙin 'yan mata.

Babu auren gargajiya a Omdurman ko Tuti da zai kammala ba tare da ita ba. Ita ce a daren lalle. Ita ce a rawar amarya, wadda amarya kan shafe makonni tana koya a hannun wata gwana kafin ranar. Ita ce a sira, jerin gwanon rakiyar ango, wanda a da akan kai har bakin kogi. A wajen ƙabilar Ja'aliyyin, dalluka ce ke tashi idan samari suka tuɓe riga suka tsaya a yi musu bulala don nuna jarumta, al'adar da ake kira butan, wadda ta yi kama da sharon Fulani.

Matsayinta ya yi daidai da na kiɗan ƙwarya da amada a ƙasar Hausa. A nan ne mata ke faɗin abin da ke ransu game da miji da kishiya da tsadar rayuwa da saurayin da ya tafi ci-rani bai aiko ba, kamar yadda Barmani Coge ta riƙa yi. Masu ilimin boko sun daɗe suna kallon waƙoƙin a matsayin na banza, amma mawaƙan rediyo ba su daina ɗibar karinsu ba. Hawwa al-Tagtaga, 'yar Rahad ta Kordofan wadda ta rasu a 2012, da dalluka ta yi waƙoƙin adawa da mulkin mallaka, kuma ana tuna ta da tufafin launin tutar Sudan da ta sa a bikin 'yancin kai.

Nuba da tar: gangunan zikiri

Ɓangare na biyu na gangunan yankin na ɗariƙu ne. Tar bandiri ne mai faɗi, shi masu madihu ke riƙewa, sau da yawa su biyu ko uku suna yawo gari-gari. Haj al-Mahi, wanda ya rayu a ƙarni na 19 a ƙasar Shaiƙiyya, shi ne babban suna a wannan fanni, kuma zuriyarsa sun ci gaba da sana'ar. A zamanin nan, ƙasidun Shaihu Abdurrahim al-Bur'i na Zariba a Kordofan, wanda ya rasu a 2005, sun shiga kaset da rediyo da talabijin.

Nuba kuwa babbar ganga ce mai baki biyu da ake ratayawa a buga da sanda, muryarta na kai wa nesa. Wurin da ya fi shahara da ita shi ne hubbaren Shaihu Hamad al-Nil na Ƙadiriyya a Omdurman, inda aka saba taruwa kowace Juma'a bayan la'asar. Muridai masu korayen riguna da jajaye sukan yi babban da'ira, ana buga nuba da kuge, ana ƙona turare, ana zikiri har faɗuwar rana. A watan Maulidi kuma, kowace ɗariƙa takan kafa rumfarta a filin Halifa na Omdurman, kwana goma sha biyu ana kiɗa. Mutumin Kano da ya san bandirin Ƙadiriyya da maukibinta zai ga abin da ya saba gani, kuma Shaihu Nasiru Kabara kansa yana da alaƙa da shehunan Sammaniyya na Sudan.

Nahas da zar da kaita

Nahas tambarin sarauta ne, ƙoƙonsa na tagulla, an rufe shi da fatar sa. Sarakunan Funj da na Darfur da shugabannin manyan ƙabilu kowa da nasa, kuma ba a buga shi sai da dalili: yaƙi, ko rasuwar babba, ko naɗin sarauta. A da, a Darfur har biki akan yi na sake masa fata. Ƙwace nahas ɗin wata ƙabila a fagen yaƙi daidai yake da karya ta, kamar dai yadda tambura suke a fadojin ƙasar Hausa.

Zar kuwa kiɗan iskoki ne, mata suka fi yin sa a cikin gida ƙarƙashin wata shaiha, kowane iska da bugunsa da tufafinsa. Babban reshensa a tsakiyar Sudan ana kiransa zar bori, kuma masana sun daɗe suna tattauna dangantakar wannan suna da borin Hausa. Ɗaya reshen, tumbura, ya fi ƙarfi a tsakanin jikokin bayi da na tsofaffin sojoji. Malamai sun daɗe suna sukar zar, kuma gwamnati ta hana shi a shekarun 1990.

Akwai kuma kaita, wadda sunanta kawai ya isa ya nuna algaita ce. Ana busa ta tare da ganguna a bukukuwan Barebari da Hausawa na Sudan, kuma ta saba fita daga unguwanninsu ta shiga bukukuwan maƙwabta.

Takura da turjiya

Kiɗan Sudan ya sha matsi daga hukuma. Dokokin Satumba na 1983 a zamanin Ja'afar Numairi sun rufe wuraren shaƙatawa da yawa. Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir a 1989, dokokin kula da tarbiyyar jama'a suka ƙayyade lokacin tashi daga biki da yadda mata za su fito, aka daina saka wasu waƙoƙin soyayya a rediyo. Wardi ya yi gudun hijira na shekara 13, bai dawo ba sai 2002. A 1994 wani mai tsattsauran ra'ayi ya daɓa wa mawaƙi Khogali Usman wuƙa har lahira a harabar ƙungiyar mawaƙa a Omdurman, ya kuma raunata Abdulƙadir Salim.

Haƙiba ba ta mutu ba. Shirin talabijin na watan azumi mai suna Aghani wa Aghani, wanda al-Sir Gaddur ya daɗe yana gabatarwa, ya koya wa matasa tsofaffin waƙoƙin. A zaman dirshan na 2019 a gaban hedikwatar soja, matasa sun riƙa dukan ƙarafan gadar jirgin ƙasa da duwatsu dare da rana, bugu ɗaya ba yankewa, yayin da ake rera waƙoƙin Wardi da na Khalil Farah a ƙasa.

Abin da yaƙi ya taɓa

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya faɗa a kan wannan yanki kai tsaye. Ginin rediyo da talabijin na Omdurman, inda aka adana naɗe-naɗen sauti na shekaru fiye da 70, ya kasance a hannun RSF har zuwa Maris 2024. A watan Mayu 2023 harsashi ya kashe mawaƙiya Shadin Gardud a Omdurman. Mawaƙa da makaɗa da yawa sun watse zuwa Alƙahira da Kampala da Nairobi da ƙasashen Larabawa. Muhammad al-Amin ya rasu a Amurka a ƙarshen 2023, shekara biyu bayan al-Kabli ya rasu a can.

Tuti ta shiga ƙawanya, domin gadar nan guda ɗaya ta koma shingen 'yan bindiga. Abinci da magani da ruwan sha suka yi wuya, kuma a watan Oktoba 2024 aka kwashe mafi yawan waɗanda suka rage. Sojoji sun karɓe tsibirin a Maris 2025, wasu mazauna suka fara komawa.

Wani ɓangare na gadon ya tsira saboda an riga an kwafe shi. Shirin Sudan Memory ya ɗauki hotunan takardu da kayan tarihi masu yawa kafin yaƙin, kamfanonin waje irin su Ostinato Records da Habibi Funk sun sake fitar da tsofaffin waƙoƙi, kuma dubban kaset suna hannun jama'a daga Anjamena zuwa Jidda. Abin da ya fi wuyar adanawa shi ne wanda ke hannun mutane: gwanar da ke koya wa amarya rawa, da mai gina dalluka, da dattijon da ya san inda jingar Tuti ta saba ɓallewa da irin bugun da zai tashi gari. Ga iyalan Hausawa da ke da tsofaffin kaset na biki ko na madihu daga Omdurman ko Mai Wurno ko Kassala, yana da kyau a mai da su cikin waya ko kwamfuta, a rubuta sunan mawaƙi da garin da shekarar, tun masu iya gane muryoyin suna raye.